Zare guda ya tsinke, masarar Kawu ta tafi: abin da nazarin raga ke nuna mana game da Kogin Volta

Ranar da ruwa ya cinye masarar Kawu, ina tsaye ne a gaban allo a wata ƙaramar sakandare a Ashaiman, ina koya wa yara darasin muhalli. Waya ta yi ta motsi a aljihuna ban ɗauka ba sai da aka fita shan iska. Da na kira, matarsa ce ta ɗauka. Ta ce, "Malam, sai haƙuri. Gonar bakin kogi ta tafi gaba ɗaya."

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya fi shekara 20 yana noma a fadamar Farin Volta, ƙasa da gadar Pwalugu, tsakanin Bolgatanga da Walewale. Duk wanda ke noma a wurin ya san halin kogin. Wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba yake cika, kuma idan madatsar Bagre da ke Burkina Faso ta kai baki, dole a buɗe ƙofofinta, ruwan ya sauko ya haɗu da na sama da ya riga ya jiƙa ƙasa. Kowace shekara akan yi sanarwa. To me ya sa mutumin da ya san wannan kamar yunwar cikinsa ya bari aka rutsa da shi?

Da hutu ya zo na hau mota na je masa jaje. Muna zaune a zaure bayan La'asar na yi masa wannan tambaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ruwa ai ya saba zuwa. Labari ne bai zo ba."

Ashe shekara da shekaru akwai wani direban babbar mota, abokinsa tun suna samari, mai ɗauko albasa ta cikin Burkina ya sauko ta Bawku. Yana da mutane a garuruwan da ke kusa da madatsar. Da zarar ya ji ruwa ya kusa kai baki sai ya buga wa Kawu waya, Kawu ya faɗa wa liman, liman ya sanar bayan Magariba, washegari kowa ya fita ya karye abin da ya nuna. A waccan shekarar direban ya bar hanyar saboda rashin tsaro, ya koma jigilar siminti a kudu. An yi sanarwa a rediyo kamar kullum, amma mutanen suna kwana a bukkokin gona, kuma sun saba jiran maganar liman. Ba wanda ya taɓa lura cewa kunnen ƙauye guda yana rataye da wayar mutum ɗaya.

A hanyar dawowa na tuna da wani darasi da aka yi mana a kwalejin horon malamai, wanda a lokacin na haddace don jarrabawa kawai.

Ƙulli da zare

Masana suna da wata hanya ta duba al'amura da zan kira nazarin raga. Ka ɗauki ragar kamun kifi. Abu biyu ne a cikinta, ƙulli da zare. A wannan nazari, ƙulli shi ne kowane abu da kake son dubawa: gari, madatsa, daji, kasuwa, hukuma, ko mutum. Zare kuwa shi ne abin da ke gudana tsakaninsu: ruwa, yashi, gawayi, kifi, wutar lantarki, kuɗi, ko labari. In ka zana su duka, sai ka fara yi wa zanen tambayoyi.

Asalin abin lissafi ne. A 1736 wani masanin lissafi ɗan Suwizalan, Leonhard Euler, ya duba wata kacici-kacici ta birnin Konigsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha. Birnin yana da gadoji bakwai da suka haɗa yankuna huɗu, mutane suna tambaya ko za a iya bin kowace gada sau ɗaya tak a yawo guda. Euler ya nuna ba zai yiwu ba, kuma ya nuna cewa tsawon gada ko girman unguwa ba su da ruwa da amsar. Abin dubawa shi ne wane wuri ne ke haɗe da wane.

Daga baya masana halittu suka ɗauki wannan tunani. A shekarun 1960 wani Ba'amurke, Robert Paine, ya riƙa cire wata halittar ruwa mai siffar tauraro daga wani yanki na duwatsun bakin teku a jihar Washington. Halitta ɗaya ya cire, amma nau'o'in da ke zaune a wurin suka ragu daga 15 zuwa 8, domin ita ce ke cin wadda in an bar ta za ta mamaye wurin ta kori saura. Da ƙirga kawuna kawai ya yi, da bai gano muhimmancinta ba.

Nan ne bambancin yake. Yadda muka saba auna lafiyar muhalli shi ne ƙirga: itatuwa nawa suka rage, ruwan sama nawa aka samu, buhu nawa aka noma. Wannan yana da amfani, amma ba ya gaya maka abin da zai faɗi idan wani abu ya faɗi. Nazarin raga yana tambayar abu huɗu. Wane ƙulli ne ya fi yawan zare? Wane ƙulli ne hanyoyi suka fi ratsawa ta kansa, ko da shi ƙarami ne? Idan zare ya tsinke, akwai wata hanya? Sannan abin da ya fita, yana dawowa ko tafiya ce ba waiwaye?

Allon katako da ƙusoshi

Da aka koma makaranta na samo falankin katako wurin wani kafinta, da ƙusoshi, da zaren saƙa kala huɗu. Shuɗi na ruwa, ja na wuta da makamashi, kore na abinci, fari na labari. Na ce wa yara za mu saƙa Volta.

Muka fara daga sama. Kwarin Volta ya kai kusan murabba'in kilomita 400,000, kuma ƙasashe shida ke da rabo a cikinsa: Burkina Faso, Gana, Togo, Benin, Mali da Kwaddibuwa. Burkina da Gana su biyu ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100. Baƙin Volta, da Farin Volta, da Jan Volta duk daga Burkina suke tasowa, inda ake kiransu Mouhoun, Nakambe da Nazinon. Kogin Oti kuma ya ratso ta Togo. Duka suna zuba a Tafkin Volta, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, wanda madatsar Akosombo ta tara tun da aka gama ta a 1965.

Muka buga ƙusa a Bagre, da Bui da aka buɗe a 2013 a kan Baƙin Volta, da Akosombo, da Kpong. Muka buga a Tamale, wadda ke shan ruwan Farin Volta daga wajen Dalun. Muka buga a Yeji saboda kasuwar kifi, da Kintampo da Buipe saboda gawayi. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Ticha, to mu ina muke?" Na ce ta zo ta buga Ashaiman da kanta.

Kafin a tashi, zare huɗu sun shiga wannan ƙusa tata. Ruwan famfon Tema da gabashin Ankara daga matatar Kpong yake zuwa, wato ruwan Volta ne. Wutar da ke ɗakinsu tana da rabo daga Akosombo. Bandar kifin da ke miyarsu mai yiwuwa daga tafkin ta fito. Gawayin da mahaifiyarta ke dafa wake da shinkafar sayarwa da shi, icen arewa ne. Yarinyar ba ta taɓa wuce Kumasi ba, amma ga ta ɗaure da Burkina ta wurare da yawa. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, abin da ba kasafai ake samu ba.

Abin da bango ɗaya ya taɓa

Kamar yadda kowa ya zata, Akosombo ce ta fi yawan zare. Amma da muka bi zaren ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga wasu da littafinmu ya ambata a layi guda kawai.

An gina madatsar ne don wuta, musamman don masana'antar narka alminiyom ta Tema, kuma ta yi wannan aiki. Sai dai tafkin ya tashi mutane kusan 80,000 daga gidajensu, har da tsohon garin Kete Krachi, garin da Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har rasuwarsa a 1934. Ruwan da a da yake gudu ya tsaya cik, ciyawar ruwa ta yawaita, dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya ya samu gida, fitsarin jini ya bazu a ƙauyukan bakin tafki. A ƙasan madatsar, ambaliyar shekara-shekara da ke sabunta gonaki ta daina zuwa, sana'ar kamun adode da matan yankin suka dogara da ita ta ja baya ƙwarai. Yashin da kogin ke kai wa bakin teku ya maƙale a bayan bango, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa teku ke ƙara cin gaɓar Ada da Keta. Bango ɗaya ne, amma ya ja zare tun daga asibitin ƙauye har zuwa bakin teku.

Shekarar 2007 ta fi kowace nuna yadda sama da ƙasa ke ɗaure. A tsakiyar shekarar ruwan Akosombo ya sauka ƙasa da ƙafa 240, ma'aunin da bai kamata ya gaza ba, ƙasa duka tana rabon wuta. Watanni kaɗan bayan haka, a Agusta da Satumba, ambaliya ta share gonaki da gidaje a arewa. A watan Satumba na 2023 kuma labarin ya juye. Tafkin ya cika ya kusa ƙafa 278, aka buɗe ƙofofi don kada bangon ya samu matsala, ruwa ya shiga Mepe da Battor da garuruwan kusa da su, dubun-dubatar mutane suka bar gidajensu. Mai kallon gunduma ɗaya zai ce musibu ne daban-daban. Mai kallon raga zai ga ruwa ɗaya ne yake tafiya daga ƙulli zuwa ƙulli.

In zare ya tsinke

Wani masanin muhalli na Amurka, Robert Ulanowicz, ya daɗe yana auna yawan abin da ke gudana a irin waɗannan ragogi. Abin da ya kawo shi ne cewa tsarin da ke ɗorewa yana zama ne a tsakiyar abu biyu. Idan komai yana bin hanya ɗaya miƙaƙƙiya, aiki yana sauri kuma ba a asara, amma ranar da hanyar ta toshe komai ya tsaya. Idan kuma hanyoyi sun yi yawa sun cakuɗe, ba ya karyewa da wuri amma ba ya ci gaba. Ana bukatar babbar hanya, ana kuma bukatar 'yan hanyoyin ko-ta-kwana waɗanda a ranar lafiya za ka ga kamar ɓarnar kuɗi ne.

Mu a Gana ba sai an yi mana dogon bayani ba. Shekaru da yawa kusan duk wutarmu daga Akosombo da Kpong take, shi ya sa farin 1983 da na 1998 suka jefa mu cikin duhu. Aka ƙara tashoshi masu ƙona mai da gas, aka ce an samu hanya ta biyu. Sai a watan Agusta na 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun da ke kawo gas daga Najeriya a tekun Togo, aka shiga dumsor da kowa ke tunawa. Ashe hanyar ta biyu ita ma a zare ɗaya take rataye.

Haka albasa. Mafi yawan wadda ake saukewa a Adjen Kotoku daga Nijar take zuwa. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yuli 2023, motoci suka maƙale a hanya, farashi ya tashi, har mai tuwon zafi a Nima ta ji a jikinta.

Tambaya ta huɗu, wato abin da ke dawowa, ita ce ta fi ba yaran wahala, don a allonmu kusan duk zaren hanya ɗaya ya nufa. Ice yana saukowa kudu a buhunan gawayi, har da kaɗanyar da mata ke samun man kaɗe daga gare ta, ba abin da ke komawa dajin. In an sare bakin kogi ƙasa ta zaizaye ta shiga ruwa, kogin ya cushe, ambaliya ta ƙara faɗi, tace ruwan sha ya ƙara tsada. Zagaye ɗaya tak muka samu, kuma wani yaro ɗan Bawku ne ya kawo shi. Ya ce kakansa yana ba da labarin yadda bayan girbi makiyayi ke shigo da shanu su ci kara, su bar wa manomi taki. Inda rikici ya raba manomi da makiyayi wannan zagaye ya yanke. Yanzu ɗaya yana sayen takin zamani da bashi, ɗayan yana yawon neman ciyawa.

Mu ma ƙulli ne

Bai kamata wannan tunani ya zama baƙo ga mutanen zango ba, domin raga ce ta haife mu. Kakanninmu fataken Gwanja sun bi hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, kuma kowane zango ƙulli ne a kan wannan hanya. Salaga ta yi ƙarfi ne saboda hanyoyi ta kanta suke ratsawa. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, goro ya fara sauya hanya, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. Mutane suka bazu zuwa Kete Krachi, Yeji, Kintampo, Kumasi da Ankara. Babban ƙulli ya kwance, amma fatauci bai mutu ba, saboda kowane bafatake yana da mai masauki a gari fiye da ɗaya.

Wannan dukiya tana nan har yau. Direbobinmu, da dillalan shanu, da 'yan albasa, da limamai suna magana da harshe ɗaya tun daga Wagadugu har Tema. Akwai hukumar kwarin Volta da ƙasashe shidan suka rattaba hannu a kanta a 2007, mai hedkwata a Wagadugu. Akwai hukumar albarkatun ruwa ta ƙasa, akwai NADMO. Waɗannan su ne manyan zare, kuma labari yana bin su daga babban birni zuwa babban birni, zuwa ofishin gunduma. Daga nan zuwa bukkar manomi kuwa, sau da yawa irin abokin Kawu ne ke ɗauke da shi, kuma sunansa ba ya cikin takardar kowa.

A nan ne nake jan hankalin masu irin wannan bincike. Raga tana nuna abin da aka zana a cikinta ne kawai. In mai bincike ya zauna da ma'aikatan ofis kaɗai, ofisoshi zai zana. Ba zai ga macen da ke tsintar kaɗanya ba, ko burtalin shanu, ko buhun gawayin da ya wuce da dare, ko liman. Zanen zai fito tsaf, lissafin ya yi daidai, amma ƙullin da ya fi ɗaukar nauyi ba ya ciki. Kuma zane ba ya yanke hukunci. Zai nuna maka cewa madatsar Pwalugu, wadda aka aza harsashinta a Nuwamba 2019 kuma aka daɗe ana jira, za ta iya rage ambaliya ta ba da ruwan noman rani. Zai kuma nuna maka gonakin da za ta nutsar da fadamun da za su daina samun laka. Wanda zai ɗauki asara da wanda zai biya shi, wannan magana ce ta shugabanni da jama'a. Amfanin zanen shi ne a yi maganar kafin a zuba siminti.

Aikin gida

Allonmu wasan aji ne, ba mu auna ruwa ko gawayi da sikeli ba. Amma a rana ta ƙarshe na sa yara su riƙa zare ƙusa ɗaya-ɗaya mu ga abin da zai saki. Da aka zare Akosombo, rabin allon ya zube, ba wanda ya yi mamaki. Sai na nuna wata 'yar ƙusa a gefe da na rubuta wa "direba". Zare biyu kawai ke jikinta, farare. Yarinyar nan ta zare ta. Farin zaren da ya taso daga Bagre ya faɗo ƙasa, ƙauyen Kawu ya rage da shuɗin zare kaɗai, wato ruwa na iya isa gare shi, labari ba ya iyawa.

Na ba su aikin gida, kuma shi nake ba mai karatu. Ka zauna da takarda ka rubuta ruwan gidanku, da wuta, da abin girki, da abinci, da labarin haɗari. Kowanne ka bi shi baya har inda ya taso. Duk inda ka ga hanya ɗaya ce tak, ka yi masa alama. Kwamitin masallaci zai iya yin wannan wa unguwa, ƙungiyar direbobi za ta iya yi wa hanya, sarkin zango zai iya kai sakamakon gaban majalisar gunduma. Ba ya bukatar kwamfuta kafin a fara.

Kawu bai bar fadamar ba, don nan ce ƙasa mai albarka, kuma bashin taki bai gama biyansa ba. Ɗansa na biyu ya zauna gida zango ɗaya na karatu kafin dangi su haɗa kuɗin makaranta. Amma bana ya raba shukar, rabi a bakin kogi, rabi a tudu, ko da yake ta tudun ba ta kai ta ƙasa yabanya ba. Na saya masa ƙaramar rediyo mai caji da rana ta zama a bukka. Liman ya karɓi lambar mutum uku, ɗaya a Bawku, ɗaya a ofishin gunduma, ɗaya kuma wani mai sayar da shanu da ke zuwa kasuwannin Burkina. Matasan ƙauyen sun buɗe zaure a WhatsApp, sun saka ni ciki duk da ina Ashaiman.

Makon jiya na kira shi na tambayi kogi. Ya ce, "Yana nan yana hawa a hankali. Mutum biyu sun riga sun kira, na ukun muke jira. Ka gaida yaran naka, ka ce su ƙara mini ƙusa."